Kunne Ya Girmi Kaka: Koyon Turanci Daga Bakin Mazauna Manyan Birane

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci wa 'yan bokon Arewa tuwo a ƙwarya, amma ba kasafai ake baje ta a faifai ba, saboda ba mai son a ce shi ne. Matsalar kuwa ita ce, za ka ga mutum ya yi digiri, wani ma har da na biyu, yana rubuta wasiƙar ofis da Turancin da jan biro ba zai sami wurin sauka ba, amma da zarar an haɗa shi da Bature ta waya, ko an zaunar da shi a taron da ake magana da sauri ana katse juna, sai ya koma gyaɗa kai da murmushi. In da za a rubuta masa abin da aka faɗa, da ya karanta ya gane tsaf, domin kuwa kalmomin duk ya san su. Kunnensa ne bai sami horon da idonsa ya samu ba. Abin da nake so in tattauna da mai karatu a yau shi ne wata hanya mai sauƙi, mai araha, ta cike wannan giɓi, wato sauraron mazauna manyan birane suna faɗin ra'ayinsu game da zaman birni.

Kafin a kai ga magani, ya kamata a san inda cutar ta samo asali. Jarrabawar Turanci ta hukumar WAEC tana da takarda ta uku, wadda ake kira ta Turancin baka. A Najeriya tambayoyi 60 ne a rubuce, ɗalibi ya zaɓi amsa ya cike da fensir, bai ji muryar kowa ba, shi ma bai buɗe bakinsa ba. A Ghana da Gambiya da Saliyo kuwa, hukumar nan dai ita ce take kunna wa ɗalibai murya su saurara su amsa. Tun da malami abin da za a tambaya yake koyarwa, sai ya zamana yaranmu suna haddace alamomin sauti a kan allo, kamar mai koyon iyo a kan tabarma. Da haka mutum zai gama sakandare, ya shiga jami'a ya fito, ba a taɓa gwada ko yana jin Turanci in an yi masa ba.

Ba haka abin yake ba a farkon zuwan boko. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ɗalibanta kaɗan ne, kuma yawancin manyan malamanta Turawan Ingila ne, saboda haka yaro da kunne yake ɗaukar harshen dare da rana. Daga nan ne marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa ya fito, wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. A yau kuwa aji ya cika ya batse, malami yana rubutu a allo da Turanci yana bayani da Hausa, in an tashi kuma daga kasuwa har gida Hausa ake yi. Wannan albarka ce ta harshenmu, da ya wadatar da mu a kusan kowace hulɗa, amma tana da nata farashin: a wurin yawancinmu Turanci ya zama harshen ido.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa? A tambayi likitoci da ma'aikatan jinya da masu neman gurbin ƙaro karatu a waje. Jarrabawar IELTS, wadda aka fara a 1989, tana da sashen sauraro mai tambayoyi 40, ana kunna murya na kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunnawa. Masu maganar sun haɗa da 'yan Ingila da Ostareliya da Amurka, kowa da karin harshensa. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman maki 7 a wannan sashe, wato sai mutum ya ci kimanin tambaya 30 daga cikin 40. Wanda ya gaza, sai ya sake biyan kuɗi masu ciwo ya sake zama. Ko wanda ba shi da niyyar fita ma bai tsira ba, domin tarurrukan ma'aikatu da ƙungiyoyin agaji da kamfanoni yanzu ta intanet ake yin da yawansu, haka ma ganawar ɗaukar aiki. Na zauna a irin waɗannan tarurruka, na ga yadda wanda ya fi kowa sanin aikin yake yin shiru, saboda kafin ya gama warware abin da aka ce an riga an wuce wurin. Daga baya a yanke shawara a kan aikinsa ba da bakinsa ba.

Dalilin wahalar a ginin harsunan biyu yake. Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, kuma ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa da muka aro kalmomin Turanci muka zuba masu wasula suka zama burodi da burki da sikeli. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa da ƙarfi ya haɗiye sauran. Kalmar “comfortable” gaɓa huɗu ce a rubuce, amma uku ce a baki. “Going to” takan koma “gonna”. Wanda ya ga an rubuta Leicester ba zai taɓa zaton Lesta za a ce ba. Bugu da ƙari, muna da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, yayin da Turancin Ingila ke da sautin wasali kusan 20. Sai dai muna da wata fa'ida da ba mu cika lura da ita ba. Kunnen da ya saba bambance dogon wasali da gajere, ya kuma saba bin hawa da saukar murya don raba ma'ana, kunne ne mai kaifi. Horo kawai yake bukata.

An daɗe da sanin haka, shi ya sa gidajen rediyon duniya suka ware shirye-shirye don masu koyo. BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo tun 1943. Muryar Amurka ta fito da Turancinta na musamman a 1959, inda aka taƙaita kalmomi zuwa kimanin 1,500, ana kuma karantawa a hankali, da kashi biyu bisa uku na saurin magana. Waɗannan sun taimaki miliyoyin mutane, kuma su ne matakin farko. Amma mai karanta labarai rubutu yake karantawa, ba ya inda-inda, ba ya fara jimla ya bar ta ya kama wata, ba ya dariya a tsakiyar kalma. Mutumin da zai yi maka tambaya a ganawar aiki, ko majinyacin da zai kwatanta maka inda ke masa ciwo, duk yana yin waɗannan. Wanda ya tsaya a Turancin labarai kaɗai, ya yi kama da direban da ya koyi tuƙi a filin makaranta, bai taɓa shiga Kantin Kwari ba.

A nan ne shawarar wani masanin koyon harshe na Amurka, Stephen Krashen, take da amfani. A wata maƙala da ya buga a 1996, ya kawo abin da za a iya kira taƙaitaccen sauraro. Ma'anarsa ita ce, maimakon mai koyo ya yi ta tsalle daga wannan batu zuwa wancan, sai ya zaɓi batu ɗaya da ya sani kuma yake sha'awa, ya sami mutane da dama su yi magana a kansa na ɗan gajeren lokaci, ya ɗauka a faifai, ya yi ta maimaita ji. Hikimar a fili take. In mutum goma suka amsa tambaya ɗaya, kalmomi iri ɗaya za su yi ta dawowa a bakuna daban-daban, abin da ya kuɓuce maka a bakin na farko sai ka cafke shi a bakin na huɗu. Kuma da yake ka san zancen, hankalinka bai rabu biyu ba, duk ya tattaru a kan sautin.

To, wane batu ne ɗan bokon Arewa ya sani ciki da bai, wanda kuma Bature da Ba'indiye da Bayarabe duk suke da abin faɗi a kansa? A nawa ganin, babu kamar zaman birni. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Mararaba ko Nyanya da asuba don ya isa ofis a Abuja da ƙarfe takwas, ko ya maƙale a gadar Third Mainland ta Legas, ko ya nemi gidan haya a Kano dillali ya yi ta yawo da shi, ya riga ya san abin da mazaunin kowane birni zai ce kafin ya buɗe baki. Ba ya wuce tsadar haya, cunkoso, hayaniya, tsoron ɓarayi da rashin sanin maƙwabci. A ɗaya gefen kuma samun aiki, asibiti da makaranta a kusa, da 'yancin mutum ya yi harkarsa ba mai sa masa ido. In ɗan Landan ya fara kuka da mai gidan hayarsa, ko rabin kalmomin ka ji, zuciyarka za ta cike sauran, domin ka san ciwon.

Alal misali, a ɗauki Landan ɗin. Birni ne mai mutum kusan miliyan 9, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 40 cikin 100 na mazaunansa a wata ƙasa aka haife su. Ke nan wanda ya tsaya a bakin titi da makirufo yana tambayar masu wucewa, a cikin minti goma zai tara maka karin harshen ɗan asalin birnin, da na Bapakistane, da na ɗan Jamaika, da na ɗan Poland. Jirginsu na ƙarƙashin ƙasa tun 1863 yake aiki, kuma har gobe ƙorafi a kansa abin hira ne. A 2003 magajin garin na lokacin, Ken Livingstone, ya sa harajin fam 5 a kan motar da ta shiga tsakiyar birni, aka yi ta musu a kai. Wanda ya ga irin cacar bakin da aka yi a Kano lokacin da aka hana acaɓa a 2013, ba zai sha wahalar bin wannan musu ba, domin hujjojin ɓangarorin biyu 'yan uwan juna ne: wannan yana maganar tsari, wancan yana maganar abincinsa.

Akwai kuma wata riba da ta fi ta kalmomi, wato koyon yadda ake faɗin ra'ayi. Littafin makaranta yana koya mana yadda za mu ba da labari da yadda za mu yi bayani, amma ba ya koya mana yadda za mu saɓa wa mutum ba tare da mun ɓata masa ba. A Hausa mu gwanaye ne a wannan fage. Muna cewa “haka ne, amma fa”, muna cewa “da dai an sake dubawa”, kowa ya san an ƙi ne cikin ladabi. Turawan Ingila ma haka suke sakaya zance. In ɗayansu ya fara da “I'm afraid”, ba tsoro yake ji ba, shirin ce maka a'a yake yi. In ya ce “not too bad”, daidai yake da namu “ba laifi”. In ya ce “I see your point, but”, ya ajiye maganarka ke nan a gefe. Wanda bai saba jin waɗannan ba, in ya tashi musu da Turanci, ko dai ya faɗi magana gatsau a ɗauke shi mai tsaurin ido, ko ya haɗiye ta a ɗauke shi marar abin cewa. Sauraron mutane suna auna daɗin birni da wahalarsa makaranta ce ta wannan fasaha.

Kayan aikin kuwa ba su da wuyar samu. A YouTube akwai tarin hirarrakin bakin titi daga Landan da New York da Sidni da sauransu, da yawa da rubutun maganar a ƙasa. Sashen koyar da Turanci na BBC yana da shirin minti shida da ke zuwa da rubutaccen bayani. Tashar LBC, wadda aka buɗe a Landan a 1973, masu sauraro ne ke bugo waya suna amayar da abin da ke ransu. Ga mai son zurfafawa, akwai hirarrakin Studs Terkel, wanda ya yi shekara 45 yana shiri a wata tashar rediyo a Chicago, daga 1952 zuwa 1997, aka kuma adana su a intanet. Littafinsa na 1967, Division Street, muryoyin mazauna wannan birni ne. Haka ma littafin Londoners na Craig Taylor da ya fito a 2011. Kada kuma a tsaya a kan Turawa kaɗai. Masu jin Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka waɗanda aka haifa da shi, saboda haka a haɗa da masu bugo waya a tashoshin Legas, da 'yan Nairobi da Johannesburg da Mumbai. Su ne za mu fi haɗuwa da su a wurin aiki.

Yadda za a yi kuwa shi ne, a zaɓi guntun hira da bai wuce minti biyu ko uku ba. A ji na farko, a rufe rubutun, a nemi amsar tambaya ɗaya kawai: wannan mutum yana son birnin nan ko ba ya so? A ji na biyu, a nemi dalilansa, a rubuta su a takarda, ko da Hausa ne. A ji na uku ne za a buɗe rubutun, a ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da aka sani amma kunne bai kama ta ba. Waɗannan kalmomi su ne ainihin darasin, domin su ne ke nuna inda furucin da ke kanka ya saɓa da wanda ke bakin mutane. A ji na huɗu, a bi bayan mai maganar ana maimaitawa da murya, ana kwaikwayon inda ya danna da inda ya haɗiye. Daga ƙarshe sai mutum ya ɗauki wayarsa ya naɗi muryar kansa na minti ɗaya, yana amsa wannan tambaya game da Kaduna ko Sakkwato ko Maiduguri. In saurin ya yi yawa, ana iya rage shi a farko, amma kada a zauna a nan. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, kuma a yi mako biyu ko uku a kan batu ɗaya kafin a canza.

Na san akwai masu ja da wannan. Wasu za su ce ai kwaikwayon Bature ne, mutum ya dawo yana magana ta hanci. Amsata ita ce, manufar ita ce ka ji, ba sai ka sake harshe ba. Karin harshenka naka ne, ba abin kunya ba ne, muddin ana gane ka. Wasu kuma za su ce maganar titi cike take da kurakurai da sara, za ta ɓata wa mutum nahawu. Wannan gaskiya ne in da alƙalami ake horarwa, amma kunne ake horarwa. Ai jin Hausar 'yan tasha bai hana kowa rubuta wasiƙa ga hakimi ba. Masu tsoron kada Hausa ta raunana kuwa, su kwantar da hankalinsu. Rashin rubutu da bincike da ita ne ke raunana ta, kuma wanda ya ji Turanci sosai shi ne ya fi iya juyo mana ilimi zuwa cikinta.

Sai kuma abin da ke cikin maganganun kansu, wanda shi ma darasi ne. Matasanmu da yawa suna kallon biranen Turai ta hoto. Amma wanda ya yi wata guda yana sauraron mazaunansu, zai ji ma'aikaci da digirinsa yana cewa ɗaki ɗaya yake haya a gidan da yake raba kicin da baƙi, zai ji tsohuwa tana cewa takan yi kwanaki ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Abin ya kai ga a 2018 gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da kaɗaici. Zai kuma ji masu yabon motar haya da ke zuwa a kan lokaci, da ɗakin karatu na kyauta, da filin shan iska a kowace unguwa. Mai shirin tafiya zai tafi da idonsa a buɗe, mai zama kuma, musamman injiniya ko jami'in tsara gari, zai sami ma'aunin da zai auna nasa birnin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma za su kai kashi 68 a 2050. Zancen birni ke nan zance ne da ba za mu rabu da shi ba.

Saboda haka ina kira ga malaman Turanci na sakandare da masu koyar da kwas ɗin Turanci na shekarar farko a jami'o'inmu, da su ware ko da kwata ɗaya na awa a mako don sauraro. Waya ɗaya da ƙaramar lasifika sun isa aji. Hukumomin jarrabawa su ma lokaci ya yi da za su sa murya a takardar da suka kira ta baka. Gidajen rediyonmu masu zaman kansu, da suka yawaita tun bayan buɗe Freedom a Kano a 2003, za su iya ware minti goma a sa guntuwar hira da Turanci, a warware ta da Hausa, a sake sawa.

Mu dai al'umma ce ta sauraro. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, manomi da makiyayi da ɗan tireda suke bin siyasar duniya da rediyo a kafaɗa, har su kan ba ɗan boko labarin da bai sani ba. Wannan baiwa tana nan a jikinmu, illa dai ba mu juya ta wajen Turanci ba. Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Duk wanda ya ga ana wuce shi a taro alhali ya san aikinsa, to ya ba kunnensa minti 20 a kullum, ya fara daga yau da tambaya mai sauƙi: me mutane ke cewa game da garin da suke zaune?